Alwalar Motar Kawu

Yau da safe sanyi ya hana motata mai shan gas tashi. Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Ranar da tasa ta yi mana haka, za mu kai gero garin Babban Mutum, na ce a kira bakanike. Ya ce, "Haba ɗana, alwala ce ba ta yi ba." Ya tsiyaya ragowar ruwan ɗumin butarsa a kawunan batir, farin dattin da ya taru a kansu ya narke, tururi na tashi. Ya ɗaure su tam, ya yi bismilla, ta tashi.

Yau ma na tsiyaya, ta tashi. Amma na kasa ja, ina ta kallon kujerar gefe.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu. Wannan sanyin kam muna roƙa maka.