Rakiyar Tsohon Kada Daga Tudun Wada

Tudun Wada

Ana sallame sallar asuba muka tashi, ni da Garba direba da Kawu Audu, Sarkin Ruwan ƙauyen mahaifiyata. Fasinjanmu yana kwance a bayan a-kori-kura, an ɗaure masa baki da igiya, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara. Fasinjan nan kada ne. Tun kafin a haife ni yake kududdufin bayan gidanmu, bai taɓa taɓa ɗan kowa ba, sai dai agwagwar da ta yi ganganci.

To, kuɗin mai ya shigo, kowa sai gini. Wani ɗan kwangila ya sayi filin zai cike kududdufin ya jera shaguna, har ya yi magana da maharbi. Na yi ta rubutu a jarida, na ce kadan nan ya riga mu zama a unguwa, kuma rai ba namu kaɗai ba ne. Abin da na samu dariya, aka laƙaba mini Lauyan Kada. Da na ga alƙalami ba zai tsayar da katafila ba, na aika wa Kawu, ya zo da mutanensa suka kama shi. Ya ce mini, "Ƙauyenmu ba a kashe kada. In dai jikinsa bai bushe ba, zai kai."

Soba

Da hantsi muka tarar da shingen sojoji. Wani dogo ya leƙo ya ce, "Me kuka ɗauko?"

Na ce, "Kada ne, ranka ya daɗe."

"Malam, da wa kake wasa?"

Ya zaga baya ya ɗaga buhu, tsohon ya buɗe ido ɗaya ya dube shi. Wallahi tsallen da sojan nan ya yi, hularsa sai da Garba ya tsinto masa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Wa zai saya?" Na ce ba na sayarwa ba ne, rakiya muke yi masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ku wuce, Allah ya shirye ku." Nan gaba kaɗan muka karya da koko da ƙosai.

Bayan Pambeguwa

Nan aka yi ta. Rana ta take, bazara ce sosai, buhuna suna bushewa kamar an shanya su. Sai lagireto ya tafasa, ruwa kuwa garwa ɗaya ta rage mana. Garba ya miƙa hannu, ni kuma na haye kan garwar na zauna.

Ya ce, "Malam, in motar nan ta mutu, da mu da dodon naka duk a nan za mu bushe."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma Kawu ya ce numfashin tsohon ya yi ƙasa, don haka na ɗaga garwar na juye masa ita duka. Garba ya riƙe baki ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin mahaukaci mai karatu irinka ba!"

Na saɓa garwa na bi wata 'yar hanya har na iske mata a bakin rijiya. Babbarsu ta ce, "Kada? A cikin mota? Ɗana, lafiyarka kuwa?" Suka biyo ni da tulunansu don su gani da ido. Da ta gan shi sai ta tsiyaya masa ruwa a hankali tana cewa, "Sannu, bawan Allah, sannu." Sauran suka bi sahu, mota ma ta samu nata. Ko sisi suka ƙi karɓa.

Bakin kogi

Mun wuce Saminaka, muka saki kwalta muka kama hanyar burji, sai la'asar muka isa. Duk ƙauyen ya fito. Aka sauke shi a kan yashi, Kawu ya kwance igiyar.

Bai motsa ba. Ƙuda ya sauka masa a ido, bai ƙifta ba. Na ce a raina ashe da hannuna na kashe shi. Kawu ya durƙusa yana watsa masa ruwa yana cewa, "Tashi mana, tsoho, ka iso." Can sai ya ɗaga ƙirji, ya ja jiki, ya ja, ruwa ya rufe shi. Kabbarar Garba ta fi ta kowa ƙarfi. Ni kuwa kuka na yi, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Muka kwana gidan Kawu, aka cika mu da tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi.

Gida

Washegari da yamma muka shigo Tudun Wada, na tarar katafila ta ci rabin kududdufin. Amma ƙofar gidanmu cike take da maƙwabta, dattawa da 'yan kasuwa har da malaman jami'a na unguwar Kongo, kowa tambayarsa ɗaya: "Ya sauka lafiya?" Na ce lafiya lau, yana ruwa mai gudu.

Ina godiya ga Allah, ga Kawu, ga Garba, da matan nan da ban ma san sunan ƙauyensu ba. Yau shaguna ne a wurin, kuma ina wucewa ta gabansu da kaina a sama, don na san ba a kan gawarsa aka gina su ba.