Da Sauƙi Sau Shida

A shekarun da nake duba aikin ma'aikatan lafiya masu bin majinyata gida-gida, ofishina yana Gwarzo, kuma ranar Alhamis ba a yi mini dogon zance. Ranar nake zama gaban kwamfuta in karanta rahoton ziyarce-ziyarcen mako, in fitar da shi daga manhajar da ma'aikatan ke rubuta ziyara a ciki, a tura Kano kafin a tashi. Manhajar tana da wata ƙa'ida da ban taɓa so ba: wanda duk aka rubuta ya samu sauƙi sau shida a jere, ina danna fitarwa za ta cire sunansa daga masu jiran ziyara. A wajenta ya warke ke nan.

Wata Alhamis na danna cikin gaggawa, rahoto ya tafi, har na rataya jakata. Sai idona ya faɗa kan jerin waɗanda aka cire. Akwai wata tsohuwa ta Gude mai ciwon suga, da gyambo a ƙafa. Na koma na zauna, na buɗe shafinta. Ziyara shida, sauƙi shida. Amma ziyarar farko minti arba'in ce, ta uku sha biyar, ta ƙarshe minti huɗu. Minti huɗu, a Gude, ko gaisuwa ba a gama ba. Gurbin hoton ciwon kuwa wayam yake tun ziyara ta uku.

Na kira ma'aikaciyar da ke zuwa gidan, mace mai kirki amma akwai kawaici.

"Tsohuwar nan ta Gude, kin ga ƙafar da idonki?"

"Wallahi Hajiya, sai mutanen gidan su ce tana barci. Kuma kin san babba ce, ba na iya cewa lallai sai an yaye mata zane."

"To, sauƙin da kika rubuta fa, daga ina?"

"Na tambaya ne, suka ce da sauƙi."

Na yi mata faɗa har sai da masinja ya leƙo. Amma da na kashe wayar, kaina na fi jin haushi. Wane Bahaushe ne za a ce masa yaya mai jiki ya ce babu sauƙi? Na san wannan tun ina yarinya, kuma ni ce na danna ban karanta ba.

Washegari da sassafe na hau mashin zuwa Gude. Tun daga zaure hayaƙin turaren wuta ya tare ni, mai yawa, fiye da yadda ake sawa don ƙamshi. A ƙarƙashinsa akwai wani wari, kuma na san warin. 'Yar tsohuwar ta yi mini sannu da zuwa, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Ɗakin duhu. Tsohuwa tana kwance, an lulluɓe ƙafar da zane biyu, ƙudaje na zagaye. Na durƙusa kusa da ita.

"Inna, yaya jiki?"

Ta daɗe kafin ta buɗe ido. Laɓɓanta sun bushe.

"Da sauƙi," ta ce.

Hannuna yana kan zanen, ban ɗaga ba tukuna, sai na ji bakina ya amsa da kansa: "Allah ya ƙara sauƙi."