Yadda teburan Usta Idrisu suka koma 'yan Turkiyya

Muna idar da sallar asuba muka bar Kasala, ni da abokin aikina da direba, allunanmu a bayan mota an lulluɓe su da barguna kamar masu zazzaɓi. Sana'ata ke nan, in yi wa shago fuska: in tsara suna da launi, in kafa fitilu da dandamalin da kaya za su hau. Wani attajiri ne a Gadarif ya buɗe wurin baje kayan ofis, don tun da yaƙi ya sa ma'aikatu suka gudo daga Khartum kowa teburin zama yake nema. Sati uku na yi a kan aikinsa.

Hanya dai shinge bayan shinge, a kowanne sai an kwance bargo an leƙa, mu kuma mu sake ɗaurewa. A Shuwak muka karya. Kwanon ful, dafaffen waken nan, da bara yake ƙosar da mutum biyu, bana kuɗinsa ya yi ƙiba, shi kuma ya rame. Gahawar ce ta wanke wa masu abincin laifi, don ta ji citta. Daga nan sai baƙar ƙasa da dawa iya ganinka, manyan motoci na wuce mu da buhuna, leburori zaune a samansu.

Kafin azahar muka shiga Gadarif. Na ga kayan a hoto, amma da na ɗora hannu sai na sara wa mai aikin. Ka ja aljihun tebur ya fito sumul, ko ƙara babu. Wanda ya yi su yana wurin, Usta Idrisu, dattijon kafinta da yaƙi ya raba da shagonsa na Bahri, can Khartum, ya iso Gadarif da iyalinsa da kayan jikinsu. Mun taɓa magana ta waya, abu ɗaya ya roƙe ni: sunansa ya fito ko da a kusurwa ne. Tsofaffin masu sayen kayansa suna nan warwatse a garin, ba su ma san yana raye ba. Don haka na yanka ƙananan farantai na tagulla, kowane tebur da nasa, na rubuta "Aikin Usta Idrisu, Bahri". Mai shagon da kansa ya ce mini ya yarda.

Muka kafa babban allo, muka jera fitilu, wuri ya yi kyau har masu wucewa na tsayawa. Na ɗauko farantan zan ɗaura, sai mai shagon ya miƙo mini wata leda.

"Ya ustaz, bar waɗannan. Manna waɗannan."

Takardun mannawa ne masu sheƙi, da rubutun boko, wai an yi kayan a Turkiyya. Raina ya ɓaci nan take. Na ce masa ba haka muka yi ba.

"Ma'alesh, yi haƙuri," in ji shi, yana murmushi. "Zabun, mai saye, in ya ji baladi ne, na gida, sai ya juya. In ya ga mustaurad, daga waje, ko ciniki ba ya yi."

Ku ji fa! Itacen na nan ne, gumin na nan ne, mutumin da ya yi aikin yana tsaye a gabansa da garin katako a gemu, amma yabon sai an aika da shi ƙetaren teku. Na faɗa wa mai shagon maganganu, wasu ma bai kamata in maimaita su a nan ba. Abokin aikina yana ta jan rigata. Na ce ƙarya ce, kuma ba da hannuna za a manna ta ba.

Wanda ya kashe mini jiki Usta Idrisu ne. Ya jawo ni gefe ya ce, "Ya waladi, halas, bar shi. Shi kaɗai ke ba ni aiki a garin nan. In ka ɓata, kai ka hau mota, ni ina nan."

Na zuba masa farantan a hannu, ya juya ɗaya ya karanta, ya sa su a aljihu.

Mai shagon ya ce ai mannawa ba ta buƙatar gwani, ya shiga yi da kansa. Ba ya karanta boko, sai ga rabinsu a kife, sauran a karkace. Wallahi na ji sanyi a raina, na kama bakina, na ce bari duniya ta yi masa dariya. Muna naɗe barguna sai na waiwaya. Usta Idrisu ne yake bin teburan ɗaya bayan ɗaya, yana ɓare takardar da farce a hankali don kada fenti ya tashi, ya daidaita ta da bakin katako, ya shafe da babban yatsa. Ba zai iya ganin karkataccen abu a kan aikinsa ba.

A hanyar komawa ban ci komai a Shuwak ba, direba ya yi ta tsokanata wai fushi ya ƙosar da ni. Mun iso Kasala lafiya, amma har yau haushin bai sake ni ba, kuma rabinsa haushin kaina ne. Shekarun nan duka ina taƙama aikina nuna wa mutane kaya ne. A Gadarif na gane ana iya ɗaukata in ɓoye mutum. Ban manna ko takarda ɗaya ba, gaskiya ne, amma fitilar da take haska su ni na kafa ta, kuma na kafa ta da kyau.