Gugan Farko a Rijiyar Inna Hasiya

A Dutse Uku, in aka ce maka "gidan rijiya", ba sai an ƙara maka kwatance ba. Gidan Inna Hasiya ake nufi, mai tuyar masa, wadda ƙofarta ke kallon masallacin layinmu. Gajeruwa ce mai ƙatuwar murya, kullum cikin suwaita biyu ko da rana ta take, wai ita tun da aka haife ta a Jos sanyin garin bai taɓa raga mata ba. Mu maƙwabta mun ce ba sanyi ba ne, gwanjo ne ya yi mata arha.

Rijiyar mijinta ne ya haƙa ta, marigayi Labaran. Ubansa ɗan haƙar kuza ne, shi ma da diga a hannu ya tashi. Ranar da ya ce zai fasa rijiya a tsakar gidansa unguwa ta sha dariya, don sunan wurin kaɗai ya isa ya hana mai hankali. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Baba Hezekiya, wani dogon mutum mai kaifin baki da ke zaune can saman dutse, wanda ya yi aikin kula da shanun madara a Vom har ya yi ritaya. Kullum sai ya sauko ya leƙa ramin ya ce, "Labaran, in kabari kake haƙa wa kanka, ai zurfin ya isa haka." Labaran kuwa sai dai ka ji diga na ƙara. Rani ya wuce, wani ya zo, ran nan sai ga ruwa ya ɓulɓulo ta tsakanin duwatsu. Baba Hezekiya ne ya fara kurɓa. Ya juya shi a baki, ya furzar, ya ce, "Ɗanɗanon ƙarfe gare shi." Iyakar barkar da ya yi ke nan. Amma daga ranar gidansa bai sake shan wani ruwa ba.

Magana ɗaya Labaran ya kafa a kan rijiyar: ba a sayar da ruwanta. Da ya rasu, Inna Hasiya ta riƙe maganar kamar shi ne ya bar mata ita ajiya. Ɗanta Sharafaddeen, mai tuƙa keke Napep, ya sha yi mata maganar ta sa wa ruwan ɗan farashi, ko don igiya da guga. Sai ta ce, "In ka haƙa taka, ka sayar." Ana idar da sallar asuba za ta zare sakata, ta ɗage murfin rijiya, ta hura wuta ƙarƙashin tanda. Mata su shigo da bokitai da jarkoki, Musulmi da Kirista, masu gaisuwa da marasa gaisuwa. Doka ɗaya ce: wanda ya riga zuwa shi ke fara ja.

In ban da duron masallaci. Shi ba ya bin layi. Malam Mustapha ladan, abokin Labaran tun suna samari, shi ke turo kura ya cika shi kafin kowa, don masu alwalar yini. Shi ne kuma, bayan an sallame asuba, yake ɗaukar lasifika ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Labaran mai rijiya, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya shayar da mu." Duk abin da Inna Hasiya take yi a lokacin sai ta tsaya. In kana neman masa mai ƙonewa a gefe ɗaya, ta lokacin addu'ar nan ce. Ta kan ce amin a hankali, ta share ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne.

Ta ji daɗin dokarta ƙwarai, don ta hutar da ita zaɓe. "Ni ba alƙali ba ce," haka take cewa. "Ruwa na Allah, ƙafa taki. Ki zo da wuri ki samu." Haka take da komai. Ragowar masa na wanda ya fara miƙo hannu ne. Ba ta taɓa tambayar mutum me zai yi da abin da ta ba shi ba, kuma a ganinta sadaka ba ta wuce haka.

Sai aka yi wani rani mai tsawo. Famfo dama ya daɗe da zama abin ado. Rijiyoyin ƙasan unguwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, 'yan garuwa suka fara magana da mutane kamar masu ba da aiki a gwamnati. Rijiyar Labaran ba ta ƙafe ba, amma ta ja baya. Aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa. Abin da ta tara kafin gari ya waye, in an cika duron masallaci, 'yan gaban layi suka ɗiba, to shi ke nan. Na baya sai guga ta fito musu da laka.

A cikin na bayan nan kullum akwai Fibi, autar Baba Hezekiya. Tumatir take sayarwa a Farin Gada, amma tun da ɓarin jikin ubanta ya shanye ta bar kasuwa ta dawo jinya. Sai rana ta fito sosai za ka gan ta tana saukowa da jarka, da sauri kamar ana kiran ta.

"Fibi sarkin barci!" in ji Inna Hasiya. "Ke da kaji wa ke tashin wani a gidanku?"

"Mama, ai su ma sun gaji da ni," in ji Fibi, tana murmushi. Ta ja lakarta, ta tace da ɗankwali, ta hau.

Daga baya ta daina zuwa. Inna Hasiya ta lura, amma ta ce girman kai ne, ai ba daga nesa ta ɗauko shi ba. Da abin ya daɗe sai ya fara damun ta. Ran nan bayan ta tashi daga tuya ta ƙunshe masa a leda, ta kama hanyar saman dutse, tana hawa tana tsayawa tana zagin gwiwoyinta. Niyyarta ta je ta yi wa yarinyar tas.

Tun daga ƙofa wari ya tare ta. Ba warin ƙazanta ba ne irin ta malalaci, don tsakar gidan a share take fes. Warin ɗakin majinyaci ne da ruwa ya yi wa ƙaranci. Zannuwan gado a jibge a kusurwa, wasu an shanya su a rana ba tare da wanki ba. A ciki Fibi na durƙushe, ta huda ledar ruwan sha na fiya wata da haƙori, tana ɗiga wa tsumma tana goge bayan tsohon, inda kwanciya ta fara cin fatarsa.

"Wa ke nan?" in ji Baba Hezekiya, da rabin bakin da ya rage masa. "Matar Labaran? Kin zo ki ga ko na mutu?"

"Na zo in ga ko bakin ya mutu. Ashe shi ne kaɗai da rai."

"Shi zai yi ƙarshe."

Ta ja Fibi waje ta ce, "Ke, me ya hana ki zuwa?"

"Mama, in na zo ma laka ce. Ba a wanke ciwo da laka."

"To ki zo da wuri mana, kamar kowa!"

Fibi ta dube ta, ba da fushi ba. Ta ce, "Da asuba ne yake ɓata shimfiɗa. Sai na ɗaga shi, na canza masa, na juya shi, na ba shi kunu da cokali. In na bar shi a haka na tafi layi, kafin in dawo ya jiƙe har wuya, ga sanyin nan. Wanda ba shi da kowa a kwance shi ke zuwa da wuri, Mama."

Inna Hasiya ta ajiye masar, ta sauko ba ta yi wa kowa tas ba. Ta zauna a bakin rijiya har la'asar tana kallon murfi. Ta shiga lissafo 'yan gaban layi a ranta: Ummusalma mai kitso, wadda ke da 'yan mata tuli a gida masu kama mata layi, matar mai wankin mota, masu ƙarfi da ƙafa duka. Ta lissafo na baya: Fibi, da mai jegon gidan kafinta, da wata tsohuwa da ke zuwa tana dafa bango. Ashe duk shekarun da take cewa ita ba ta zaɓe, layi ne ke zaɓar mata, kuma kullum mai lafiya yake zaɓa. Wannan bai yi mata wuyar ganewa ba. Abin da ya tsaya mata a wuya duro ne. Shi ke kwashe ruwan farko, mai kyau, rabin abin da rijiya ta tara. In ta taɓa duro, ta san abin da za ta taɓa. Sunan Labaran ba ya fita a bakin kowa yanzu sai a lasifikar nan.

Washegari Malam Mustapha ya turo kurarsa ya tarar da murfi a rufe, Inna Hasiya zaune a kai, mata sun yi cirko-cirko.

"Maman Sharafa, lafiya? Ko makulli ya ɓace?"

"Lafiya lau, Malam. Daga yau gugan farko na gidan da ke da mutum a kwance ne. Sai mai jego. Sai tsofaffi. In ya rage, layi. Duro sai damina."

"Duron masallaci?"

"Shi fa."

"Kin san dattawan da ke zuwa azahar da sanda? Su je ina su yi alwala?"

"Su zan ba jarka guda, ka ajiye musu ita a gefe. Sauran kuwa ƙarti ne, kowa ya yo alwalarsa daga gida, ko ya gangara burtsatse. Malam, kai ka karantar da mu cewa in ruwa ya gagara Allah ya yarda a yi taimama da ƙasa. To ni ban taɓa jin inda aka ce a wanke gyambo da ƙasa ba."

Matan suka kwashe da dariya, kuma nan ne ta yi kuskure. Maganar gaskiya ce, amma da muryar tallan masa ta faɗe ta, a gaban mata, ga dattijon da ya yi shekara da shekaru yana tura kura ba ko sisi. Malam Mustapha ya ce, "Ladan wa kike so ki rage, nawa ko na mijinki?" Ya juya kurarsa wayam ya fita.

Dariyar matan ma ba ta daɗe ba, da suka gane su ma dokar ta ci su. Ummusalma ta ɗaga bokitinta ta ce, "Wato yanzu sai na karya ƙafa zan sha ruwa a gidan nan?"

"Ki karya ki gani, ni da kaina zan kawo miki," in ji Inna Hasiya.

Asubar da ta biyo baya lasifika ta yi ƙara, aka yi addu'ar zaman lafiya, aka yi ta neman ruwan sama, aka kashe. Inna Hasiya na tsaye da igiya a hannu tana jira. Ranar nan masa ba ta ƙone ba, amma ita ba ta iya cin ko ɗaya ba. Ta yi tunanin ta je ta ba Malam haƙuri a maido duro. Ta je kuwa, ta ba shi haƙurin muryar da ta ɗaga, ya ce ya wuce. Maganar duro ce ba ta janye ba, shi kuma bai maido sunan ba. Da ta dawo ta saki guga, ta ce, "Allah ka jiƙan Labaran," ita kaɗai, ba lasifika. Ta cika jarkar Fibi ta sa a bayan ƙofa, inda ba mai taɓawa ko da rana ta kai tsaka.

Daga nan wani sabon aiki ya hau kanta wanda ba ta nema ba. Da, hannu kawai take miƙawa. Yanzu sai ta san wa ya haihu, wa aka sallamo daga asibiti, wa ke ƙaryar ciwon baya. Bayan tuya sai ka gan ta tana bin gidaje da suwaitarta biyu, tana leƙa ɗakuna kamar duba-gari. Ta koyi cewa a'a, kalmar da a da ba ta cikin bakinta, kuma har yau in ta faɗe ta sai ta wuni tana tuhumar kanta ko ta yi daidai. Wani lokaci ba ta yi daidai ba. An taɓa yaudarar ta da jinyar kaka, ashe kakar tana Kuru tana cin tuwonta lafiya.

Gyambon bayan Baba Hezekiya ya fara kamewa. Fibi ta zo da saƙonsa tana ƙunshe dariya: wai a gaya wa matar Labaran har yanzu ruwan na ɗanɗanon ƙarfe, kuma masar ba sukari.

"Ki ce masa in ya tashi ya zo ya haƙa tasa," in ji Inna Hasiya.

Damina ta sauka, rijiya ta cika har ana ɗiba da gajeren hannu. Malam Mustapha ya dawo da kurarsa, suna gaisawa, har ya kan karɓi masa. Sai dai duro yanzu bayan majinyata yake, ko ruwa ya yi yawa, don ta ce ba ta son ta manta yadda ake yi kafin wani ranin. Sunan Labaran bai koma lasifika ba. Wasu sun ce Malam ya manta ne, wasu sun ce yana sane. Ita ba ta tambaye shi ba. Amma in ka shiga gidan da asuba, lokacin da lasifikar ta fara ƙara, za ka ga hannunta ya tsaya cak a kan igiya, kanta a karkace, har sai an kashe. Sannan ta jawo guga ta ce, "Ina jarkar Fibi?"