Ɗorawar Goggo

Har yau in an miƙo mini lasifika a wurin taro, sai na fara duba can baya, layin tsofaffin mata. Na san ba ta nan, amma sai na duba.

Goggo yayar babana ce, kuma mai daddawar ƙauyenmu, can gefen Makoɗa. A wajenmu gona daban, bishiyar da ke cikinta daban. Da aka raba gadon kakanmu, gonar ta faɗa wa wani baffana, ɗorawar da ke tsakiyarta kuwa aka ba Goggo. Da kalwarta take ci, da ita take sha. Baffan ya sayar da gonar, sabon mai ita ya ce inuwar tana kashe masa gero, sare ta zai yi.

Magana ta kai gaban dagaci. Goggo kunnenta ya yi nauyi, babana ba ya raye, sai aka ce ni zan yi magana a madadinta, wai ni ne mai boko. Ni da ko gaisuwar surukai sai na yi gumi!

Kwana uku ina rubuta jawabi, shafi huɗu. Goggo ta karɓa, ta jujjuya, ta tura shi ƙarƙashin tabarma.

"Ɗan nan, takarda za ka kai musu ko magana?"

Ta damƙa mini kalwa uku, ta ce kowace da maganar da zan yi a kanta. Ta farko, wanda ya raini bishiyar. Ta biyu, wadda ta gada. Ta uku, abin da za ta ci in an sare. In na gama ɗaya in mayar da ita ɗaya aljihun, in ja numfashi. In sun ƙare in yi shiru.

Ranar, ƙofar gidan dagaci ta cika. Na cire takalmi na durƙusa, Goggo tana can bayana cikin mata. Na ce, "Ranka ya daɗe." Na ƙura wa ƙasa ido ina ƙunƙuni, ni kaina ba na jin abin da nake faɗi.

"Me ya ce? Ban ji ba!"

Muryar Goggo ce, irin wadda take tallar daddawa da ita. Wurin ya fashe da dariya, har dagaci ya rufe baki da hannun riga. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na ɗago kai na maimaita da ƙarfi, don dai ta ji ta ƙyale ni. Sai na ga ashe mutanen da nake tsoro su ne waɗanda nake gaisarwa kullum a hanyar gona.

A kalwa ta biyu na sake komawa ƙunƙuni.

"Ban ji ba!"

Na sake ɗagowa. Na mayar da kalwar ɗaya aljihun, na kama ta uku. Na ce tsohuwar nan ba ta da gona, ba ta da ɗa, bishiyar nan ce abincinta. Na yi shiru, kamar yadda ta ce.

Dagaci ya tambayi dattawa, suka ce haka gadon yake. Aka yanke cewa a rage rassan da suka yi ƙasa, bishiya kuwa ta Goggo ce.

A hanyar gida ina ta fankama. Na ce mata da ƙarfi, "Goggo, kin ji yadda na yi?"

Ta ce, "Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba. Ƙeyarka nake kallo. Da na ga ta sunkuya sai in yi ihu."

Goggo ta daɗe da rasuwa, ɗorawar kuwa tana nan, jikokin ƙanwarta ke tsinkar ta. Na yi magana a taruka da yawa tun daga ranar, kuma har yanzu gabana yana faɗuwa. Ina kewarta ƙwarai. In na ji kaina ya fara sunkuyawa, ba mai yi mini ihu, ni nake ɗago shi da kaina.