Kawu Kun-Gane Ya Koma Koyarwa a Waya

Kawuna malamin labarin ƙasa ne. Duk wanda ya taɓa zama a ajinsa da suna ɗaya ya san shi, Kun-Gane, domin ba ya rufe jimla sai ya ce “Kun gane?”, kuma ba ya gaba sai an amsa. Da ya yi ritaya sai ya rasa inda zai sa bakinsa. Hatta mai kawo ruwa sai da ya sha bayanin yadda girgije ke haɗuwa, da jarka a kafaɗarsa.

'Yarsa ta fari tana aiki a wata cibiya da ke shirya darussan intanet na kyauta. Ita ta kawo masa waya da sandar ɗora ta, ta jingina allo a jikin kabad ɗin falo.

“Baba, gajeru za ka riƙa yi, kowane darasi da batunsa. Wasu malamai za su ɗauka su yi amfani da su a nasu ajin.”

“Su ɗauka mana. Ilimi ai ba a kulle shi.”

Ranar farko ya sa rigar da ya fi so, ya riƙe lemo a matsayin duniya, tocila a matsayin rana. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce, “Kun gane?” Shiru. Ya maimaita. Shiru. Ya zare wa wayar ido, ya ce bai taɓa ganin aji marar tarbiyya irin wannan ba.

Dole ya roƙi matarsa, wadda muke kira Umma, ta zauna a bayan waya ta riƙa cewa “Mun gane.” Ta zo da kwandon wankinta tana ninkewa. Ya juya lemo, ya haska, ya tambaya.

“Ni dai ban gane ba, Malam. In duniya juyawa take, me ya sa kullum na buɗe taga maƙwabcin nan nake gani?”

“Ai da shi muke juyawa!”

“Shi ya sa ba mu rabu da rediyonsa ba ke nan. To, in ka gama ka ba ni lemona.”

'Yar ta so ta yanke wurin, amma abokan aikinta suka hana. Haka darussan suka fita, muryar Umma na kutsowa daga gefe, fuskarta ba a gani. Ɗalibai suka yi ta rubutowa cewa tambayar da suke jin kunyar yi ita take yi musu. Kawu yana karanta saƙonnin yana tsaki, saboda ana ce masa an gode sau ɗaya, ana gaishe da Umma sau goma.

Wata rana da hantsi ya kira 'yarsa. Wani matashin malami a wani gari ya ɗauki darasin kusufin wata, ya cire Kawu gaba ɗaya, ya bar tambayoyin Umma, yana amsa su da kansa.

“Ya ɗauke min mata ya bar ni!”

“Baba, ya rubuta sunanka a ƙasa. An yarda a yanka a gyara.”

“Ni ne abin yankewa?”

Umma tana jin su ta ce a kunna mata ta gani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce yaron yana da ladabi, ko sau ɗaya bai ɗaga mata murya ba.

Da yamma muka sami Kawu a ɗaki yana sake kallon bidiyon, hanci kusan a jikin gilashi. Can ya yi tsalle ya miƙe: matashin ya sa inuwar duniya a gefen da ba nan take ba.

Ya aika masa gyara mai tsawon gaske. Matashin ya yi godiya, ya nemi su haɗa darasi na gaba tare. Kawu ya ja aji kwana biyu kafin ya amsa, da sharaɗin shi zai fara magana.