Simintin Bakin Rijiya

A shekarun da kuɗin mai ya fara zuba, ni ban iya zama wuri ɗaya ba. Ina koyarwa a firamare, amma hankalina yana kan titi. Tifa ce ke wucewa da yashi, ta dawo wayam, ta sake wucewa, don ko'ina a Gombe gini ake yi. Abokin karatuna da ko lissafi bai iya ba ya sayi ɗaya, cikin shekara guda ya yi tumbi. Ni kuma ina nan da alli a hannu, ina jin kamar garin zai tashi ya bar ni.

Abin da na mallaka shi ne kasona a gidan da mahaifinmu ya bar mana, ni da yayata. Mijinta ya rasu, ta dawo ɗakin mahaifiyarmu ta zauna. Na ce mu sayar, in sayi tifa, ita kuma ta koma gidan kawunmu a Barunde kafin in gina mata ɗaki. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To." Na ɗauki wannan a matsayin yarda, don abin da nake son ji ke nan.

Dillalin da na samo ya zagaya gidan yana taɓe baki. Ya ce masu kuɗin yanzu ido suke saye da shi, sai an gyara. A kawar da awaki, a shafa farar ƙasa, a toshe ramukan ɓera, a sake daɓen tsakar gida. Duk na yi, har da abin da bai ce ba. Sati biyu ban zauna na ci abinci ba, a tsaye nake ci. In na shafe bango da safe, da rana in ga kamar bai yi fari ba, in sake. Yaya ta riƙa janye tabarmarta daga inuwa zuwa inuwa, ni ina bin ta da bokiti.

Sai muka zo kan rijiya. Wanda ya zauna a Gombe ya san wahalar ruwan garin, kuma rijiyar gidanmu ba ta taɓa ƙafewa ba, ko da bazara. Saboda haka matan unguwa tun asuba suke shigowa da tuluna, ba mai hana su. Wurin kullum a jiƙe, ga taɓo, ga surutu. Itatuwan da aka gitta a bakinta kuwa igiya ta ci su, ta yi musu zurfafan tsagi har yatsa na shigewa.

"Malam," in ji dillali, "wa zai sayi gidan da ya zama kasuwa? Ka rufe ƙofa. Waɗannan ruɓaɓɓun itatuwa kuma a fitar da su."

Na kira birkila. Muka ciccire itatuwan, ya ɗaure bakin da siminti, sumul, na sa marfin kwano. Na gaya wa maƙwabta su yi haƙuri na ɗan lokaci. Wata tsohuwa da muke kira Goggo, wadda ta fi shekara talatin tana ɗiba a nan, ta tsaya a zaure da tulunta ta ce, "Yau ni ake mayarwa?" Na ji kunya, amma ban buɗe ba. Yaya tana tsaye lokacin da ake kwaɓa simintin. Na ga ta buɗe baki, sai kuma ta rufe, ta shiga ɗaki.

Mai sayen ya zo ranar wata Asabar, bayan an yi ruwan sama kwana biyu a jere. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mutumin Katsina, mai iyali da yawa. Tun safe na share tsakar gida sau uku, na leƙa titi ya fi a ƙirga. Da ya iso, muka zauna a zaure muna jiran dillali. Da muka shiga ciki bai ko dubi farar ƙasata ba. Ɗakunan ma leƙe kawai ya yi. Kai tsaye ya nufi rijiya, ya tsaya, ya dubi ƙasar da ke kewaye da ita, ba sawun kowa, ya shafa simintin da tafin hannu.

"Tana da ruwa?"

Na yi sauri na zura guga, na jawo shi cike.

"Malam, damina ce," ya ce. "Yanzu ko rami ka tona za ka ga ruwa. Da rani nake tambaya."

Na rantse masa ba ta ƙafewa. Dillali ma ya rantse, abin da ya ƙara ɓata lamarin.

"Na shiga gidaje da yawa a garin nan," in ji Alhaji. "Inda ruwa yake, za ka ga igiya ta ci baki, ka ga mata na shige da fice. Na zauna a zaurenka rabin sa'a, ko yarinya ɗaya ba ta zo da tulu ba. Kuma ba a yi wa rijiya sabon baki ana gab da sayarwa sai da dalili."

Na ce a kira maƙwabta su shaida. Ya yi murmushi ya ce maƙwabci ai ba zai ƙi rufa wa maƙwabcinsa asiri ba. Na tuna itatuwan, na ruga bayan ɗaki in nuna masa, ashe an riga an faskara su an hura wuta. Ya yi mana fatan alheri ya tafi. Kafin sati ya zagayo labari ya bazu wurin dillalai cewa rijiyarmu ta mutu mun rufe da siminti, ba wanda ya sake zuwa kallo.

Raina ya ɓaci sosai, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba. Na sami Yaya tana tsince shinkafa a ƙofar ɗakinta, na tsaya a kanta ina huci.

"Yaya, kin ji abin da mutumin nan ya ce?"

"Na ji. Tun ranar da kuka cire itatuwan na san haka za a yi."

"Kin sani? Shi ne kika yi shiru kina kallona?"

Ba ta ɗago ba. Ta cire wata tsakuwa ta jefar.

"Auta, kai kana da inda kake son zuwa," ta ce. "Ni nan ne kawai nake da shi."